AKWATIN YAYA INUSA

Shafi na 19

Masu turo mani saƙo tun da sassafe kuna cewa na bar Zuliha a tsaye, na ji ku. Ke kuma da kika ce za ki biyo ni har gida ki ƙwace salulata, ƙofa a buɗe take, amma ki taho da fura. Wanda yau ne farkon shigowarsa shi ma ya zauna, akwai wuri a tabarma.

*

Zuliha ta sake dannawa.

Rubutun nan dai ya sake fitowa a tsakiyar allon ordinatar, wato kwamfuta, ja wur: Accès refusé.

An hana shiga.

"Ni za a hana?" Ta dafe ƙirji. "Ni da kayana?"

Habib, mai gyaran ordinatar da shagonsa ke manne da situdiyonta na ɗaukar hoto da bidiyo a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi, ya gyara gilashinsa, ya leƙa ƙarƙashin tebur. Can akwatin ajiyar hotunanta yake, baƙi, bai fi girman kwalin sukari biyu ba, koriyar fitilarsa na ƙiftawa kamar babu abin da ya dame shi.

"Madam, kayanki suna nan. Ko ɗaya bai ɓace ba. Ga dosiyen nan, jakar da bidiyoyin ke ciki, muna gani."

"To in muna gani, mi ya hana mu taɓa?"

"Akwatin bai san ki ba."

"Bai san ni ba? Ni nike share mashi ƙura kullum!"

Habib ya yi dariya. "Tsohuwar ordinatar taki ya sani, da sunan da anka ba ta. Wagga sabuwa baƙuwa ce gare shi. Kamar mai gadi ne da anka ce mashi kada shi bar kowa shiga sai mai jan kallabi. Kin canza kallabi, ya ce bai san zancen ba."

Zuliha ta zauna dirshan a kujera.

Shekaranjiya ne kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ya dawo da ƙarfin da ya ƙona tsohuwar ordinatar ɗinta ƙurmus. Da farko ba ta damu sosai ba, don ta san duk aikin da ta yi yakan bi rezo, wayar da ke haɗa su, da kansa ya je ya kwanta cikin akwatin nan. Yayanta Inusa ne ya haɗa shi tun suna riƙe da situdiyon tare, kafin ya tattara ya koma noman rani a Jiratawa.

A cikin akwatin kuwa akwai bikin Sauda, 'yar Alhaji Abdulrazak.

Ba bikin ne ke hana Zuliha sukuni ba. Hajiya Tahira ce, mahaifiyar Alhaji. Mako guda bayan biki ta kwanta a ɗakinta na Tsibiri, ba ta tashi ba. Alhaji yana can bakin teku wajen sauke kaya, kafin ya iso an rufe ta. Kuma ranar kamu, Zuliha ta ɗauki tsohuwar tana wata magana da babu wanda ya ji sai ita da kamararta.

Yau bayan la'asar Alhaji zai zo ya ga bidiyon bikin.

"Babu wata dabara?" ta ce.

"Akwai ɗan rami bayan akwatin. In na tsokana da allura, yana iya komawa kamar sabo."

"To tsokana mana!"

"Yana kuma iya share komi. Ban san yadda Inusa ya tsara cikinshi ba, ba ni yin caca da kayan mutane." Habib ya girgiza kai. "Hanya mai lahiya guda ce. A shiga da sunan admin, mai gidan akwatin, shi ba sabuwar ordinatar izini. Wa ke da modepas ɗin admin, kalmar sirrin shiga?"

Zuliha ta riga ta ɗauki salula.

Ta kira. A kashe.

Ta sake kira. A kashe.

"Yaya Inusa ke nan," ta ce tana jawo mayafinta. "In ya shiga gona, ko sarki ke nemanshi sai ya taka laka."

*

Ɗan kabu-kabu ya sauke ta daga babur a bakin hanya, ta ƙarasa da ƙafa.

Jiratawa kore shar. Tattasai ya yi ja a layi, zogale ya yi sama da kan mutum, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina. Duk da abin da ke ranta, sai da ta tsaya ta ja numfashi.

Ta hango shi tun daga nesa. Wando a naɗe har gwiwa, malafa a ka, fartanya a hannu, yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan.

"Yaya!"

Ya ɗago, ya washe baki. "A'a! Auta! Yau 'yan birni sun tuna da mu? Lahiya dai? Inna lahiya?"

"Inna lahiya lau. Ni ce ba lahiya. Ina salularka?"

"Tana cikin bukka tana hutawa. Ita ma ai tana gajiya."

A tsaye ta zayyana masa komai. Ƙonewar ordinatar, sabuwar da ta karɓo, jan rubutun, da Alhaji da zai zo bayan la'asar. Inusa yana ji yana gyaɗa kai, bai fasa tura laka da fartanya ba.

"Wannan ai ba komi ba ne," ya ce. "Habib ya yi hankali da bai tsokani ramin nan ba. Shiga za ki yi da sunan admin, ki ba sabuwar ordinatar izinin karantawa. Shi ke nan."

"Madalla. Ba ni modepas ɗin."

Fartanyar ta tsaya cak.

"Modepas?"

"Shi."

"Ki bari in na gama ban ruwa in zo in sa maki da kaina."

"Yaushe za ka gama?"

Ya dubi rana, ya dubi fangalolin da ruwa bai kai ba. "Sai kusan magariba. Yau ne layina. In na bari ya wuce ni, tattasan nan ba shi kai wani mako."

"Alhaji kuma bayan la'asar zai zo. Hwaɗa mani kawai."

"Ba a hwaɗin irin wannan a fili."

Zuliha ta waiga dama, ta waiga hagu. Banda balbelu biyu da wani jaki can nesa, babu kowa.

"Jakin nan kake tsoro shi ji?"

"Auta, ba ki gane ba. Ka'idar aiki ce."

"Ka'idar aiki? Kai da ka ba ni makullin ɗakinka, ka ba ni lambar salularka ta buɗewa, har wurin da kake ɓoye dabino na sani?"

Inusa ya cire malafa, ya share goshi, ya mayar. Ya sake cirewa.

Nan ta tsaya ta ƙare masa kallo. Yayanta da bai taɓa jin kunyar kowa ba, wanda Inna ta gaji da yi wa zancen aure har ta koma kai ƙararsa wajen Allah, yau shi ne yake kallon yatsun ƙafarsa cikin laka.

"Yaya."

"Na'am."

"Zagi ne?"

"Subhanallahi! Wane irin zagi?"

"To mi ne ne?"

Ruwa na ta gudu a lambatu.

Ta sassauta murya. "Ka san abin da ke cikin akwatin nan? Ranar kamu, a Tsibiri, Hajiya Tahira ta yi magana a kan Alhaji. Ba ta san kamara na aiki ba. Mutumin nan bai samu ganawa da uwarshi ba, Yaya. Tun da anka yi rasuwar, an ce ko abinci sai an matsa mashi. Maganar nan tashi ce. Ba ni da ikon in riƙe mashi ita ko da yini guda."

Inusa ya soke fartanya a ƙasa.

Ya dubi fangalolin, ya dube ta.

"Buɗe salularki," ya ce a ƙarshe. "Harafi-harafi zan hwaɗa. Ki rubuta, kada ki karanta."

"Ta yaya zan rubuta ban karanta ba?"

"Ke dai ki yi."

Ta danne dariya, ta buɗe.

"F. Babba."

"Na sa."

"Huɗu. Lamba huɗu."

"Uhm."

"D ƙarami. I. L."

"Ina ji."

"Sai huɗu kuma. Shi ke nan. Tahi, rana na yi."

Zuliha ta dubi abin da ta rubuta. F4dil4.

Ta karkata kai. Ta sake duba.

Huɗun nan biyu, in mutum ya ɗan lumshe ido, ai A ce ke tsaye.

Salular ta kusa suɓuce mata cikin lambatu.

"Fadila?"

"Na ce kada ki karanta!"

"Fadila! Tanti Fadila mai farmasi? Ta tsallaken titinmu? Babbar ɗiyar Alhaji Abdulrazak?"

"Rage murya, don Allah!"

"Wa zai ji? Jakin?"

Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta durƙusa a bakin fangali, tana riƙe ciki, mayafi na jan laka ba ta ko kula ba. Inusa ya juya mata baya, wai shi gyaran hanyar ruwa yake, alhali ruwan ma ba ta nan yake bi ba.

"Dakata," ta ce tana share hawaye. "Akwatin nan tun kahin ka baro birni ka haɗa shi."

"To?"

"Tun lokacin ke nan?"

Ya ci gaba da tura laka.

"Shi ya sa! Shi ya sa duk Juma'a in ka aiko da zogale sai ka ɗaure kashi biyu, ka ce ɗaya na maƙwabta. Ni kuwa baiwar Allah in ɗauka da hannuna in kai farmasi, ina cewa yayana akwai son zumunci!"

"Zumuncin ne mana."

"Shi ya sa ordinatar farmasin nan kullum ba ta da lahiya sai ka zo gari!"

"Tsohuwa ce, tana yawan lalacewa."

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

Sai shi ma ya fashe da dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya daga ka. Ya zo ya tsuguna kusa da ita, ya wanke hannu cikin ruwan.

"Ta sani?" Zuliha ta tambaya.

"Ki bar wannan."

"Ka hwaɗa mata ko ba ka hwaɗa ba?"

"Auta, dubi ƙahwata." Ya ɗaga ƙafa ɗaya, laka har idon sawu. "Dubi gidan da ta hito. Motocin da ke kwana a ƙohwar gidan nan sun hi awakin Inna yawa."

"Sai mi? Ba ka sata, ba ka roƙo. Rabin tattasan da ake ci a gidan ma ƙila naka ne."

"Ni dai na roƙe ki. Ko Inna kada ta ji."

"Inna kam in ta ji, yau Sabon Gari ba mai barcin rana, guɗa za ta hana su."

"Zuliha!"

"Na ji, na ji. Bakina ƙanin ƙahwata."

Ya miƙe, ya koma Inusan da ta sani, mai bayani da yatsa a sama.

"Ki saurara da kyau. In kin shiga, kada ki taɓa komi sai wurin izini. Ki zaɓi dosiyen, ki ƙara sunan sabuwar ordinatar. Karantawa kawai za ki ba ta, ban da gogewa. Akwai wani ɗan gurbi a ƙasa da ke cewa a haɗa da duk abin da ke ciki. Ki tabbata kin danna shi."

"In ban danna ba?"

"Ƙohwar gida za ta buɗe, ɗakuna su zauna a rufe. Kuma ki kwafa, kada ki yanke. Asalin shi zauna inda yake."

"To, malam."

"In na gama zan biyo ki in duba."

Ta juya za ta tafi, ya kira ta. Ya tsinko tattasai jajaye ya cika mata leda.

"Wannan na maƙwabta ne ko nawa?"

Ya wawuri ɗan dunƙulen laka, ta ruga tana dariya.

*

Ana kiran sallar azahar ta iso Maraɗi. Ta yi salla, ta zauna gaban ordinatar, Habib na tsaye a bayanta.

"Juya baya," ta ce.

"Ni ma?"

"Ka'idar aiki ce."

Ya juya yana murmushi. Ta sa harufan a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Allon ya yi ɗan jim.

Ya buɗe.

"Alhamdu lillahi!"

Ta nemo dosiyen da ta sa wa suna Kamu Tsibiri, ta ƙara sunan sabuwar ordinatar, ta ba ta izinin karantawa. Ta koma ta danna dosiyen. Ya buɗe, ga bidiyoyin jere reras. Ta danna na farko.

Accès refusé.

Ta miƙe zumbur.

"Habib! Ya sake!"

"Kwantar da hankali. Inusa bai ce maki komi ba a kan na ciki?"

Ta dafe goshi. "Ɗan gurbin! Ɗakunan!"

Ta koma, ta same shi can ƙasa, ƙarami kamar ƙwayar gero. Ta danna. Akwatin ya shiga ƙara a hankali, koriyar fitilar na ƙiftawa da sauri, yana bin bidiyoyin yana cire musu takunkumi.

Da ya gama ta sake danna na farko.

Sai ga kiɗan ƙwarya ya cika situdiyon, ga tsakar gidan Hajiya Tahira, ga mata da lalle, ga bishiyar dalbejiya.

Zuliha ta jingina da kujera, ta lumshe ido. Ba ta san tana murmushi ba sai da Habib ya ce, "To madam, ni na koma shago. A sha shayi a kaina."

Ta kwafe dosiyen gaba ɗaya zuwa ordinatar, ta sake kwafewa a kile, ɗan filashin da ake sokawa a jikin ordinatar. Sauran dosiyoyin bikin ta ce sa jira, wannan ne mai gaggawa. Ta share kujeru, ta kunna turaren wuta, ta aika aka sayo ruwan sanyi.

*

Bayan la'asar farar mota ta tsaya a ƙofa.

Alhaji Abdulrazak ya shigo da sallama. Dogo ne, mai cikar jiki, amma babbar rigar ta yi masa yawa yanzu. Mutumin da in ya yi gyaran murya a kasuwa 'yan dako ke miƙewa, yau a hankali yake taka ƙasa.

A bayansa kuwa, da farar rigar aiki a ƙarƙashin mayafi, Fadila ce.

Zuliha ta durƙusa. "Baba Alhaji, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, ɗiyata. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Tanti, sannu da zuwa."

"Yawwa Zuliha. Baba ya biyo ta farmasi, na ce ba ni bari shi kalla shi kaɗai."

Zuliha ta kasa haɗa ido da ita. Duk sanda ta ɗago sai ta ga lamba huɗu. Ta ciji leɓe, ta shiga gyara waya da ba ta buƙatar gyara.

"Baba Alhaji, kahin bikin duka, akwai wani ɗan wuri da nike so ka hwara gani."

"Bismilla."

Ta danna.

Hajiya Tahira ta bayyana, zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, 'yar ƙarama, da carbi a hannu da goro a gefen baki. Hayaniyar biki na can baya. Tana kallon wani wuri da kamara ba ta nuna ba.

Alhaji ya gyara zama.

"Ke mai hoto," in ji tsohuwar a allo, "aje abin nan ki huta, tun sahe kike tsaye."

Aka ji muryar Zuliha tana cewa to. Hoton ya ɗan karkace, kamarar ta sauka a cinya, amma fuskar Hajiya na nan.

"Kin ga wancan mai babbar rigar, da ke ta ba mutane umarni?" Tsohuwar ta nuna da haɓa. "Ɗan fari ne, ba ni hwaɗin sunanshi. Ya gina mani bene a Maraɗi, na ce ba ni zuwa, wa zai ba kajina ruwa? Ya yi hushi, ya kwana biyu bai zo ba. Rana ta ukku sai ga shi da buhun dussa, wai na kaji."

Ta yi dariya, bakin ba haƙora sosai.

Fadila ta toshe baki da mayafi.

"Yana tsammani ban gani. Ina gani. Ni dai ban iya yabon ɗa a gaban idonshi, ba a yi mana haka ba. Amma tun da na haihe shi, bai taɓa sa ni kwana da ɓacin rai ba. Ko sau guda. Na yahe mashi duniya da lahira. Allah Shi ba shi masu yi mashi kamar yadda ya yi mani."

Ta tofar da goro gefe.

"Kada ki je ki hwaɗa mashi, kai zai kumbura."

Hoton ya ƙare.

Ƙarar kabu-kabu kawai ake ji daga titi.

Alhaji ya cire hula, ya ɗora a gwiwa. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, bai kuma ɓoye ba.

"Sake sa mani," ya ce.

Ta sake.

A karo na biyu, da aka zo wurin buhun dussa, sai ya yi dariya. Dariya sosai, har kafaɗunsa na rawa.

"Wallahi haka anka yi. Kajin nan sun hi ni daraja a gidan nan." Ya share fuska da hannun riga. "Tun da anka rufe ta nike tambayar kaina, ko ta tahi da wani abu a rai game da ni. Ban samu wanda zai ba ni amsa ba. Ashe amsar tana nan ƙarƙashin teburinki."

"Allah Shi jiƙan Hajiya," in ji Zuliha.

"Amin. Allah Shi yi maki albarka, ɗiyata. Ke da duk wanda ya sa hannu a aikin nan." Ya juya ga 'yarsa. "Fadila, mi anka dahwa yau a gida?"

Fadila ta zaro ido. "Baba, kai ke tambayar abinci?"

"Yunwa nike ji."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta kama hannunsa ta riƙe.

Zuliha ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga ka har tafin ƙafa. Tafiyar Jiratawa, da lakar da ta ɓata mata mayafi, da faɗuwar gaban da ta sha, duk sun biya.

Ta miƙa masa kile. "Ga shi nan ciki, Baba Alhaji. Na kuma bar wani a nan, ko da wannan ya ɓace."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun ƙirji.

"Akwai hoton da munka yi da ita ranar ɗaurin aure, ni da ita da Sauda. Shi nike so a wanke mani babba. Nuna mani in gani."

"Yana wani dosiye. Bari in buɗe."

Ta danna Ɗaurin Aure.

Accès refusé.

Ai kuwa, wannan ba ta ba shi izini ba tukuna. Ta koma shafin admin. Ya riga ya rufe kansa saboda daɗewa, yana neman modepas.

Fadila ta jawo kujera ta matso. "Matsala ce?"

"A'a, Tanti, ƙaramin abu ne."

Kafaɗunsu har suna gogar juna. Idon Fadila na kan madannai.

Zuliha ta matsa gaba. Ta yi ƙoƙarin kare hannunta da gefen mayafi, ta danna da sauri.

Kuskure.

Ta sake. F. Huɗu. D. I. L. Sai yatsan ya tafi da kansa ya danna A.

Kuskure. Wani sabon rubutu ya fito, yana gargaɗin cewa in aka sake kuskure akwatin zai kulle kansa.

"Lahiya, ɗiyata?" in ji Alhaji.

"Lahiya lau, Baba Alhaji. Hannuna ne ya..."

Ta ɗora yatsa a kan F, ta kasa ci gaba.

Sai Fadila ta sunkuyo, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta ko dubi Zuliha ba.

"Na ƙarshen ba A ba ne. Huɗu ne."

Zuliha ta ɗauke yatsa daga madannai.

Ta juyo a hankali. Fadila na kallon allo, fuskarta a daidai, amma gefen bakinta na motsi, kunnuwanta kuma kamar an shafa musu barkono.

"Tanti..."

"Sa mana, Baba na jira."

Ta sa. Akwatin ya buɗe.

Babu wanda ya dubi allon.

Alhaji Abdulrazak ya mayar da hularsa ka. Ya dubi Zuliha. Ya dubi 'yarsa. Mutum ne da ya yi shekaru yana karantar fuskokin 'yan kasuwa kafin su buɗe baki.

"Fadila."

"Na'am, Baba."

"Akwatin wanga na wane ne?"

"Na... na situdiyo ne."

"Wa ya haɗa shi?"

Zuliha ta dubi Fadila.

"Yayanta," in ji Fadila, murya can ciki. "Inusa."

"To." Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. "Mai ɗakin ta manta makullinta, ke kuma da ke tsallaken titi kin riƙe shi a ka. Ina kinka san shi?"

Kafin Fadila ta ɗago, babur ya tsaya a ƙofar situdiyo. Aka kashe inji. Aka buga takalmi a dakali ana kakkaɓe busasshiyar laka.

Labule ya ɗaga.

"Salamu alaikum. Auta, ruwan ya kai da wuri na taho, ya buɗe kuwa? Ina fata dai ba ki hwaɗa ma kowa..."

Sai Inusa ya hango Alhaji da Fadila, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wa alaikumus salam," in ji Alhaji, yana nuna kujerar da ke gabansa. "Shigo, Inusa. Zauna nan. Ƙarasa abin da kake cewa."